Iskar Rijiya da Iskar Gawayi

 Ni ɗan aji biyar ne, shekarata 16, ban isa in tsaya gaban manya in ce zan koya musu wani abu ba. Amma akwai abin da ya faru a gidanmu a hutun hunturun da ya wuce, wanda da hannuna a ciki, kuma sai da na dawo makaranta na gane ko mene ne. Na ga bai kamata in yi shiru ba, tun da yake hunturu ba ya fasa dawowa.

Ga yadda abin ya faru. A daren nan an yi sanyi ƙwarai, irin mai fasa leɓe da dugadugai. Yayana da wani ɗan baffanmu suna kwana a shagon ƙofar gida. Bayan sallar isha'i Yaya ya ce mini, "Kai, je ka haɗo mana wuta a kasko." Na zuba gawayi, na fifita, na tsaya da shi a tsakar gida har hayaƙi ya ƙare sarai, garwashi ya yi ja wur. Tun muna ƙanana abin da muka sani shi ne hayaƙi ke cutarwa, in ya ƙare shi ke nan. Na kai musu kaskon, har na taya su cusa tsumma a taga da ƙasan ƙofa don kada sanyi ya sami hanya. Na yi musu sai da safe, ina ganin na yi abin kirki.

Da asuba Baba bai gan su a masallaci ba. Ya dawo ya buga ƙofa, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Sai da aka sa ƙarfi aka ɓalle sakata. Muka tarar da ɗan baffan nan a kan katifa bai san inda yake ba. Yaya kuwa yana kwance dab da ƙofa, ya yi amai. Daga baya ya gaya mana ya farka cikin dare kansa yana sarawa, yana ganin ƙofa, yana so ya buɗe, amma ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Aka fito da su tsakar gida, aka nemo mota zuwa asibiti, aka sa musu abin shaƙar oksijin. Da yake da sauran kwana a gaba, Yaya ya fito bayan kwana biyu, ɗan baffa bayan kwana biyar.

Likita ya ce gawayi ne, amma a gida maganar ba ta zauna ba, don kowa ya ga babu hayaƙi a ɗakin. Kaka ta ce iska ce ta buge su. Kawuna kuwa, wanda ya fi shekara 20 yana haƙar rijiya, cewa ya yi, "Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Muguwar iska na san ta, na sha gamuwa da ita a cikin rami. Amma duk inda take fitila ba ta ci. Ga shi kuwa mun tarar da fitilar ƙwai tana ci a ɗakin nan, ko lumshewa ba ta yi ba."

Da aka koma makaranta na kai wa malaminmu na kimiyya wannan magana yadda take. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Kakarka ta yi gaskiya, iska ce. Kawunka ma ya yi gaskiya, ba irin tasa ba ce." Ya ɗauki darasi biyu cur yana yi mana bayani. Abin da na riƙe daga bakinsa, da wanda na ƙara karantawa a laburare, shi ne zan kawo muku a nan.

Iska ba abu ɗaya ba ce

Abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, wannan iska da muke shaƙa gauraye ce, kamar yadda fura take gauraye da nono da ruwa. Idan aka raba ta kashi 100, kashi 78 naitirojin ne, kashi 21 oksijin ne, ɗayan da ya rage kuwa wasu ƙananan ire-iren iska ne suka haɗu a cikinsa. Oksijin ɗin nan shi ne jikinmu ke bukata, shi ne kuma wuta ke ci. Mutum da wuta abincinsu ɗaya ne, don haka idan aka rufe su a ɗaki guda, sun zama kishiyoyi.

Gawayi kusan dukkansa wani abu ne baƙi da ake kira kabon. Itace, da kananzir, da fetur, har da tuwon da muke ci, duk akwai kabon a cikinsu. Ƙonewa kuwa ba kome ba ne illa haɗuwar kabon da oksijin. Idan oksijin ya wadata, kowace ƙwayar kabon takan kama ƙwayar oksijin biyu, sai a sami iskar da ake kira kabon dayoksaid, a rubuce CO2. Idan oksijin ya yi ƙaranci, sai ta kama ɗaya tak, a sami kabon monoksaid, a rubuce CO. Watau su biyun uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ƙwaya guda ce ta raba su, amma halinsu ya sha bamban. Domin iyayenmu su ji daɗin karatu, zan riƙa kiran ta farko iskar rijiya, ta biyu kuma iskar gawayi.

Iskar rijiya

Wani masani ɗan ƙasar Sikotland, Joseph Black, shi ya fara ware wannan iska ya bayyana halinta a wajen shekarar 1754. Amma iyayenmu mata kullum suna yin ta a madafa ba su sani ba. Duk wanda ya taɓa ganin an jefa kanwa a miyar yakuwa ta taso da kumfa, to ya ga haihuwar iskar rijiya. Tsami ne ya gamu da kanwa ya fitar da ita.

Da kanwar nan Malam ya nuna mana halinta. Ya kafa kyandir uku a cikin wani kwano mai zurfi, gajere da matsakaici da dogo, ya kunna su. Ya barbaɗa dakakkiyar kanwa a gindin kwanon, ya tsiyaya ruwan lemon tsami. Kumfa ta tashi. Muna kallo gajeren ya mutu, can sai matsakaicin ya bi shi, dogon kuwa ya ci gaba da ci. Babu wanda ya hura, babu abin da muka gani. Malam ya ce wannan iska ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, saboda haka takan kwanta a ƙasa ta taru kamar ruwa, tana ture oksijin sama.

Kada a ɗauka muguwa ce kawai. Ita ce ke sa ƙullun waina da na fanke su tashi, ita ce ke huda ramukan nan na cikin burodi. Ita ce ke yin "fush" idan an buɗe lemon kwalba. Ita ake ɗurawa a wasu tukwanen kashe gobara, irin waɗanda ake ratayewa a ɗakin gwaje-gwaje. Da ita da amoniya ake haɗa takin yuriya da manoma ke zuba wa masara. Fiye da duk wannan, ita ce abincin tsiro: ganye yakan sha ta, ya haɗa da ruwa da hasken rana, ya yi gero da dawa, ya mayar mana da oksijin. Mu ma muna fitar da ita, don a numfashin da muke fesowa akwai wajen kashi 4 cikin 100. A sarari kuwa wajen kashi 4 cikin 10,000 ce kawai, shi ya sa ba ta damunmu.

Haɗarinta yana zuwa ne inda ta sami rami ta taru. A cikin ƙasa saiwoyi da ƙananan halittu suna numfashi, ganye da itace suna ruɓewa, duk suna fitar da ita. Sai ta tsattsafo cikin rijiya, ga shi babu iska mai kaɗawa a can ƙasa da za ta kore ta. Idan ta kai kashi 10 cikin 100, mutum zai iya suma cikin 'yan mintoci. To a nan ne dabarar Kawu take da tushe. Kafin ya shiga tsohuwar rijiya yakan ɗaura fitila a igiya ya zura. Wuta takan mutu idan oksijin ya sauka zuwa wajen kashi 16 ko 17, mutum kuwa yana iya jurewa ƙasa da haka kaɗan. Watau fitila takan riga mutum faɗuwa. In ta mutu, sai ya ɗaura reshe mai ganye ya yi ta zurawa yana janyewa har iskar ta sauya, sa'an nan ya sake gwadawa. Kawu bai taɓa shiga aji ba, amma Malam ya ce abin da yake yi kimiyya ce tsantsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Idan ana son a san iyakar ƙarfin wannan iska, sai a dubi abin da ya faru a maƙwabciyarmu Kamaru. A arewa maso yammacin ƙasar, ba nisa da iyakar Nijeriya, akwai wani tafki da ake kira Nyos, wanda ke zaune a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Zurfinsa ya kai mita 200. Shekara da shekaru iskar rijiya tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a ruwan gindin tafkin, nauyin ruwan sama kuma ya danne ta, kamar yadda murfi ke danne ta lemon kwalba. A daren 21 ga Agusta 1986 sai murfin nan ya buɗe. Iskar ta ɓarke gaba ɗaya, kuma da yake tana da nauyi, ba ta yi sama ba, sai ta gangara cikin kwaruruwa ta bi ƙauyuka har nisan wajen kilomita 25. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya. Gidaje suna tsaye, itatuwa suna tsaye, sai dai masu numfashi ne suka kwanta. Shekara biyu kafin wannan, a 1984, wani tafkin mai suna Monoun a Kamarun ya yi irin haka ya kashe mutum 37. Da masana suka gane dalili, sai aka kafa dogon bututu a tafkin Nyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011, domin ruwan gindi ya riƙa tasowa yana sakin iskar a hankali. Ka ga amfanin sanin dalilin abu: wanda ya san ƙofar da ɓarawo ke shigowa shi ke iya toshe ta.

Duk da haka iskar rijiya tana da ɗan adalci. Idan ta fara yawa, jiki yakan ji. Numfashi yakan yi sauri, ƙirji ya yi nauyi, mutum ya ji yana son ya fita. Kuma fitila tana tona mata asiri. 'Yar'uwarta kuwa ba ta yin sallama.

Iskar gawayi

Iskar gawayi ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Ba ita ce hayaƙi ba. Nan ne na yi kuskure, nan ne kuma mutane da yawa ke yi. Hayaƙi yakan ƙare, amma muddin garwashi yana ja, yana fitar da ita, domin a tsakiyar tulin garwashi oksijin ba ya isa. Ɗan shuɗin harshen wutan nan da ake gani yana rawa a kan garwashi, ita ce ke ci tana komawa iskar rijiya. Wadda ba ta ci ba sai ta bazu. A tsakar gida iska takan kwashe ta. A rufaffen ɗaki kuwa taruwa take yi, kuma yayin da oksijin ɗin ɗakin ke raguwa, garwashin yana ƙara yawan fitar da ita. Nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, saboda haka ba ta kwanciya ƙasa, gauraya take yi ko'ina. Na kan gado da na kan tabarma duk ɗaya ne a wurinta.

Yaya take cutarwa? A cikin jininmu akwai wani abu da ake kira himogulobin, shi ke sa jini ya yi ja, kuma akwai ƙarfe a cikinsa. Malam ya ce mu ɗauke shi kamar motar haya. Tashar mota ita ce huhu. A nan oksijin ke shiga ya zauna, mota ta kai shi ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙafafu, ya sauka, ta dawo ta ɗebi wani. Iskar gawayi fasinja ce mai ƙarfin hali. Riƙon da take yi wa kujera ya fi na oksijin fiye da sau 200, kuma in ta zauna ba ta son sauka. Da kaɗan da kaɗan sai ta cika motocin. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa yana ɗagawa, oksijin yana nan a ɗakin, amma babu motar da za ta kai shi. Wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya bayyana a 1857 cewa a cikin jini ne wannan iska ke yin ɓarnarta.

Ga amsar tambayar Kawu. Kashi 1 kacal cikin 1,000 na iskar ɗaki ya isa ya sumar da mutum cikin kamar awa biyu. Kashi 1 cikin 100 kuwa yana kisa cikin 'yan mintoci. A wannan hali oksijin ɗin ɗakin bai ragu ƙwarai ba, fitila tana da abin da za ta ci, sai ta yi ta ci abinta. Fitila ba ta da jini, don haka ba ta san ana yi ba.

Masu haƙar kwal a Birtaniya sun gamu da wannan matsala tun da daɗewa. Su ma da fitila suke gwada iskar rami. A 1896 aka yi wata fashewa a ramin kwal na Tylorstown a yankin Wales, wani likita mai suna John Scott Haldane ya binciki gawawwakin, ya gano yawancinsu ba wuta ce ta kashe su ba, iskar gawayi ce. Shi ne ya ba da shawara a riƙa shiga rami da ƙaramar halitta mai saurin numfashi, wadda za ta riga mutum jigata. Daga nan aka fara shiga da kanari, irin tsuntsun nan da ake sa wa a keji don kukansa. In kanari ya yi shiru ya faɗo daga kan sandarsa, sai kowa ya nemi hanyar fita. Ba a daina wannan ba sai a 1986, sa'ad da na'urori suka karɓi aikin.

Ita ma wannan iska tana da ranarta. Ƙarfen da ke cikin tama a haɗe yake da oksijin, shi ya sa tama take kamar jan dutse. Idan aka jera tama da gawayi a cikin rahoniya aka yi ta zuga, iskar gawayi ce ke fizge oksijin ɗin ta bar ƙarfe. An sami alamun irin wannan aiki a Dutsen Dala na Kano da suka haura shekara 1,000, kuma manyan masana'antun ƙarfe na duniya da yawa har yau da ita suke aiki. Watau garma da lauje da fartanyar kakanninmu duk da taimakonta aka same su. Abin mamaki shi ne, a rahoniya da a jini sana'arta ɗaya ce, raba ƙarfe da oksijin. A can alheri ne, a nan kuwa ajali.

Me ya sa haɗarin ya ƙaru?

Wani zai ce, ai kakanninmu sun yi ta kwana da wuta a ɗaki, me ya same su? Sai mu dubi irin ɗakin. Ɗakin jinka yana numfashi ta cikin ciyawa, ƙofarsa kuwa asabari ne ko zana. Ɗakinmu na yau siminti ne, da silin, da tagar gilashi, da ƙofar ƙarfe. Mun toshe wa sanyi hanya, mun kuma toshe wa iskar gawayi hanyar fita.

Bugu da ƙari, mun sami sabon baƙo, watau janareta. Duk injin da ke shan fetur yana fitar da iskar gawayi mai yawa ta salansa. Mutane kuwa, saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, sukan shigar da shi zaure, ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko shago, su rufe, su kwanta. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an ji labarin iyali guda an wayi gari babu mai motsi, ana ta zargin abinci ko sammu, alhali mai laifin yana nan a lungu man fetur ɗinsa ya ƙare. Haka nan motar da aka bari tana aiki a rufaffen gareji, da risho ko murhun gas mai ba da jan harshe yana baƙanta gindin tukunya. Wutar da ta sami oksijin sosai shuɗiya ce. Kada kuma a rikita ta da gas na girki. Shi wannan da gangan ake sa masa wari don a ji in ya zuba. Iskar gawayi babu mai sa mata wari.

Abin da ya kamata mu yi

Na farko, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, ko da babu hayaƙi ko kaɗan. In za a ji ɗumi, a ji shi ƙofa a buɗe, kuma a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Bargo biyu sun fi kasko ɗaya. Wannan ya fi zama dole a ɗakin mai ciki da mai jego, domin ɗan tayi da jariri sun fi babba saurin jigata, haka ma tsofaffi da masu ciwon zuciya. Ko garwashin turaren wuta ne, in an gama a fitar da shi.

Na biyu, janareta wurinsa waje ne, a sarari. Masana lafiya suna ba da shawara ya yi nisan kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon wani gefe. Mai tsoron ɓarawo ya yi masa kejin ƙarfe mai huji ta ko'ina. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan iskar gawayi ta taru. Ita ce kanarin wannan zamani, wanda ya sami hali ya saya ya maƙala kusa da wurin kwana.

Na uku, mu san alamu. Su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da ruɗewa. Sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, sai dai jiki ba ya zafi. Babbar alama ita ce a ga mutanen ɗaki ɗaya sun kamu a lokaci ɗaya, kuma in sun fita waje su ji sauƙi. Duk wanda ya ji haka kada ya ce bari in ɗan kwanta ya wuce. Kwanciyar nan ita ce tarkon.

Na huɗu, idan an tarar da wanda ta kayar, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari nan da nan, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja, don gubar ba a ciki take ba, a jini take, kuma ɗura wa wanda ya suma abu yana iya kashe shi. A garzaya asibiti. Maganinta oksijin ne. A iskar sarari jini yakan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya sauke rabinta, amma da tsantsar oksijin awa 1 da 'yan mintoci sun isa. Ko da mutum ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi, domin wani lokaci mantuwa da ruɗewa sukan biyo baya bayan kwanaki.

Na biyar, game da rijiya. Idan mutum ya faɗi a ciki, kada wani ya yi tsalle ya bi shi haka kawai, don abin da ya kayar da na farko yana nan yana jiran na biyu. A kira 'yan kwana-kwana, a kuma yi ta kaɗa iska zuwa ƙasa. Gwajin fitila na rijiyar ruwa ne. Kada a zura wuta a masai ko ramin ƙazanta, domin a can akwai wata iskar dabam mai kamawa da wuta.

Da muka sami hutun tsakiyar zango na je gida, na sami Kawu a ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe bayanin nan duka na gaya masa, ina tsoron kada ya ce yaro ya zo koya masa sana'arsa. Ya yi shiru har na zaci ya yi fushi. Can sai ya ce, "To, injin ban-ruwan nan da muke zurawa cikin rijiya in za mu yashe ta fa? Shi ma fetur yake sha." Na ce, "Kawu, ai shi ne babban haɗari. Yana cika ramin da iskar gawayi, fitila kuma ba za ta nuna ba." Ya ce ya sha fitowa daga rijiya kansa yana sarawa, yana cewa rana ce. Tun daga ranar ya ce injin zai riƙa zama a sama, nesa da bakin rijiya, tiyo kaɗai zai sauka.

Yaya kuwa, da na ba shi haƙuri, cewa ya yi in bar maganar, ai shi ya aike ni. Amma ni na san hannun da ya cusa tsumman nan. Na san hayaƙi yana cutarwa, ban san abin da ke bayan hayaƙi ba, ashe ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

A ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana na ɗakunan kwana. Na san in sanyi ya tsananta akwai masu lallaɓawa madafa su ɗebo garwashi a gwangwani, ko su shigo da dutsen guga mai wuta a ciki, su rufe tagogi don kada shugaban ɗaki ya gani. Dokar da ta hana wannan ba don a ƙuntata mana aka yi ta ba. Iyayenmu kuma, don Allah idan ɗanku ya dawo hutu ya ce a fitar da kasko waje, ko a matsar da janareta, kada a ɗauka rashin kunya ce ko iyayin boko. Abin da kuka aiko shi ya koyo ne ya kawo muku. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ya kama, Allah Ya kashe mana. Allah Ya kiyaye mu da ku baki ɗaya, amin.